Abin da muka tsayar kan fita ƙauyuka a keke

Jiya bayan isha'i mun daɗe a majalisa kan wannan magana, to ga abin da na riƙe.

Yawanci sun fi son hanyar Kura zuwa Tiga, wajen kilomita 70 ne daga cikin garin Kano, ga shinkafa kore shar a gonakin rani, in ka isa kuma ga dam ɗin da aka gama tun 1974, amma fa titin Zariya ne, tireloli ba sa ragawa mai keke, shi ya sa wani dattijo ya ce yara ku fita da an sallame asuba ku riƙe gefe sosai. Ni ma nan na fi so gaskiya. Sabon shiga ya fara da Wudil, kusan kilomita 40, sai dai ban da Juma'a saboda motocin shanu ranar kasuwa.

Lokaci kuwa hunturu, a rufe hanci don ƙura. Afrilu kar ma a fara.

Kayan da za a riƙe: famfo, tib biyu, kayan faci, ruwa da yawa, dabino da ƙuli-ƙuli. Ƙaya ce babbar matsala a burtali.

In dare zai yi muku a ƙauye ku fara gaida mai gari. Dajin Falgore kuwa kowa ya ce kar mutum ya shiga shi kaɗai.