Ta ina ɗalibi zai kama tarihin Turanci? Abin da aka tattauna

Wani ɗalibin jami'a ne ya tambaya ta ina zai fara, malamai da tsofaffin ɗalibai suka yi ta ba shi shawara.

Yawancinsu sun ce ya faro daga kusa ya koma baya. Turancin zamanin marubucin wasan kwaikwayo Shakespeare, wajen 1600, ana gane shi da ɗan ƙoƙari. Na mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, sai da ƙamus a gefe. Wanda ya gabaci wannan kuwa, na ƙabilun da suka tsallako daga yankin Jamus da Denmak a ƙarni na 5, harshe ne daban, har da haruffa irin su þ da aka daina amfani da su.

An fi daɗewa kan 1066, shekarar da William, mai mulkin yankin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu, talakawa suka ci gaba da Turancinsu, shi ya sa kalmomin shari'a da mulki suka cika da Faransanci. Wata malama ta ce kada a manta da mutanen da ake kira Vikings, masu kai hari daga Sikandinabiya, tunda har wasu wakilan suna daga wurinsu aka aro.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce a riƙa karanta tsohon rubutu da ƙarfi. Dalili kuwa, bayan wani mai buga littattafai, Caxton, ya kafa maɗaba'a a Westminster da ke Landan a 1476, rubutu ya fara daidaita alhali furucin wasula na ta sauyawa. A kan haddace shekaru dai ba a daidaita ba, wasu sun ce ɓata lokaci ne.