Neman kalmar Hausa: me za mu kira "suzerainty" a labarin Kuwait?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Ina cikin rubuta bayani a kan ja-in-jar da aka yi tsakanin Birtaniya da Daular Usmaniyya ta Turkiyya game da Kuwait kafin Yaƙin Duniya na Farko, sai kalma guda ta tsaya mini a wuya, wato "suzerainty". Takwararta "sovereignty" ba ta ba ni wahala ba, tunda gidajen rediyo sun riga sun sabar mana da diyaucin ƙasa ko cikakken iko. Damuwar ita ce, rigimar Kuwait kacokan a tsakanin kalmomin nan biyu take, kuma in na fassara su duka da "iko" to na rushe labarin tun kafin in fara shi. Da gangan na ce ta Turkiyya, domin in Bahaushe ya ji Daular Usmaniyya haka kawai, Sakkwato hankalinsa zai tafi.

Ga yadda abin yake, don kada mu yi ta zaɓen kalma a cikin duhu. A 1871 gwamnan Bagadaza, Midhat Pasha, ya tura rundunar yaƙi zuwa Al-Hasa, a gabashin ƙasar Larabawa, shehun Kuwait na lokacin, Abdullahi Al Sabah, ya taimaka masa da jiragen ruwa, aka kuma ba shi muƙamin ƙa'immaƙam, wato kamar hakimin gunduma a tsarin Turkawa. A 1896 Mubarak Al Sabah ya kashe 'yan'uwansa biyu, Muhammad da Jarrah, ya hau gadon sarauta. Da ya ga kujerar ba ta zauna masa daram ba, sai ya nemi inuwa ta biyu. Ranar 23 ga Janairu 1899 ya sa hannu a kan wata yarjejeniya ta sirri da wakilin Birtaniya a yankin Tekun Fasha, Kanar Meade, inda ya ɗauki alkawarin ba zai karɓi wakilin wata ƙasa ba, ba zai kuma sayar ko ya ba da hayar ko da taƙi ɗaya na ƙasarsa ba sai da yardar Birtaniya. An ba shi rufi 15,000, kuɗin Indiya. Duk da haka tutar Turkawa ce take kaɗawa a garinsa, gonakinsa na dabino kuma suna can Faw, cikin lardin Basra, a hannun alƙalan Turkawa. Su kuwa Ingilishi, abin da ya hana su barci shi ne layin dogon da Jamusawa suke so su ja zuwa Bagadaza, wanda aka yi tunanin ya ƙare a gaɓar Kuwait, a bakin hanyar Indiya.

Saboda haka jami'an Landan suna iya haƙuri da a ce Sarkin Santambul, wato sarkin Daular Usmaniyya kuma Halifa, yana da "suzerainty" a kan Kuwait, amma ba su yarda a ce yana da "sovereignty" ba. Kalmar da nake nema ke nan: fifikon da babban sarki yake da shi a kan ƙaramin sarki, alhali ƙaramin ne yake gudanar da harkokin ƙasarsa.

Amsoshin farko da suka shigo bayan na yi wannan tambaya ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mulkin mallaka bai dace ba, domin Turkawa ba su girke soja a garin Kuwait ba, ba su kuma ajiye gwamna nasu ba. Kariya kuma kalmar ɗaya ɓangaren ce, ita za mu ajiye wa "protectorate", matsayin da Birtaniya ta daɗe tana ƙin furtawa. Wani ɗan'uwa ya ce a kira shi ikon jeka-na-yi-ka. Na yi dariya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wannan hukunci ne, ba suna ba ne, kuma ba za a iya sa shi a bakin jakadan da yake kare matsayin sarkinsa ba.

Wata Malama da take koyar da tarihi ta kawo caffa da mubaya'a. Malama, na gode, kuma caffa ta kusa ƙwarai, tunda ita ce mutum ya kai kansa ƙarƙashin wani babba don ya sami tsaro. Sai dai duka biyun daga ƙasa suke kallon sama. Mubarak ne zai yi caffa, Sarkin Santambul ba ya yin ta, mu kuwa sunan abin da ke hannun babban muke nema. Amana ma an ambata, amma a tarihinmu ta fi tafiya da al'ummomin da ba Musulmi ba waɗanda suka yi sulhu suna biyan jizya, Kuwait kuwa garin Musulmi ne da ke ƙarƙashin tutar Halifa.

Wadda ta fi samun goyon baya ita ce ubangidanci, kuma na kwana biyu ina juya ta. Tana da daɗin faɗi, kowa zai gane ta, kuma ta yi daidai da asalin kalmar a Turai, inda take nufin dangantakar babban mai ƙasa da baransa. Abin da ya sa na janye shi ne tambaya guda: a idon Bahaushe, wane ne ubangidan Mubarak? Ubangida shi ne mai ba ka, mai tsaya maka ran wuya, wanda ba ka yanke shawara sai da saninsa. A 1901, bayan Ibn Rashid, sarkin Ha'il a ƙasar Larabawa, ya ci Mubarak da yaƙi a Sarif, jirgin yaƙin Turkawa ya iso gaɓar Kuwait, kuma jirgin yaƙin Birtaniya ne ya hana a sauke soja. A 1903 Lord Curzon, Gwamna Janar na Indiya, ya kawo masa ziyara da kansa, a 1904 kuma aka ajiye masa wakilin Birtaniya a cikin gari. Duk wanda ya karanta wannan da Hausa zai ce Ingila ce ubangida. In muka ba Turkawa kalmar, mai karatu zai rikice a daidai wurin da muke so ya fahimta.

Sai wani dattijo ya rubuto jimla ɗaya tak, ya ce a duba tuta. Ranka ya daɗe, da na koma kan Yarjejeniyar Birtaniya da Turkawa ta 29 ga Yuli 1913, wadda ministan harkokin wajen Birtaniya Sir Edward Grey da wakilin Turkawa Ibrahim Hakki Pasha suka sa wa hannu a Landan, sai na ga maganarka ce a rubuce. Sashe na farko bai ce "suzerainty" ba, bai ce "sovereignty" ba, ya dai kira Kuwait gunduma mai cin gashin kanta a cikin daular Turkawa. Sashe na biyu ya ce shehu zai ci gaba da ɗaga tutar daular kamar da, in ya ga dama ya rubuta sunan Kuwait a kusurwarta. Gwamnatin Santambul ba za ta tsoma baki a harkokinsa ba, har da maganar gado, ba kuma za ta kai soja ba, amma in shehu ya rasu ita za ta ba magajinsa takardar naɗi a matsayin ƙa'immaƙam. A kan taswirar an ja jan layi kamar rabin da'ira, garin Kuwait a tsakiya, ya haɗa da tsibiran Warba da Bubiyan da Failaka, inda ikon shehu yake cikakke, sannan koren layi a can waje, inda zai karɓi zakka daga ƙabilu. In aka tattara abin da ya rage a hannun Santambul, tuta ce da takardar naɗi da wakili guda mai kula da talakawanta.

Don haka nake ba da shawarar mu ce ikon tuta. Ba baƙuwar magana ba ce a wurinmu, tunda masu tuta muke kiran waɗanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba izinin jihadi a ƙasashensu, kuma kowa ya san karɓar tuta yarda ce da fifikon wanda ya ba da ita, ba miƙa masa kujera ba ce.

An yi mini gyara mai nauyi a nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wani Malam daga Kano ya tuna mana cewa tutar Sakkwato ba ta tsaya ga suna ba, domin a 1893, da Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, 'ya'yan gidan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, aka shiga yaƙin basasa. Ke nan mai ba da tuta a wurinmu yana sa hannu a gado, abin da aka hana Turkawa a 1913. Gaskiya ne, Malam. Amma a ganina wannan ƙarfi ne ga kalmar, domin ita ma "suzerainty" haka take, wani wuri da haƙora, wani wuri babu, kuma wannan sassaucin ne ya sa jakadu suke son ta. Ikon tuta bai faɗi yawan ikon ba, ya faɗi irinsa ne kawai. In ana so a nuna rauninsa sai a ƙara da cewa ikon tuta na suna.

Na gwada ta a sauran labarin don in ga ko za ta ɗauki kaya. Ba a taɓa tabbatar da yarjejeniyar 1913 ba har yaƙi ya ɓarke, kuma a Nuwamba 1914 Birtaniya ta shaida wa Mubarak cewa ta amince da Kuwait a matsayin hukuma mai zaman kanta a ƙarƙashin kariyarta. Da Kuwait ta sami 'yanci ranar 19 ga Yuni 1961, ba a yi mako guda ba firaministan Iraƙi Abdulkarim Ƙasim ya ce ƙasar yanki ce ta lardin Basra, har ya ce zai naɗa sarkinta ƙa'immaƙam. Hujjar nan ce Saddam Husaini ya sake ɗaukowa a 1990. Yanzu ina iya rubuta jimlar da ta gagare ni tun farko: Iraƙi ta ce ta gaji diyaucin Turkawa a kan Kuwait, Kuwait kuma ta ce abin da Turkawa suka taɓa riƙewa bai wuce ikon tuta ba, shi ma Turkiyya ta sauke shi a yarjejeniyar Lozan ta 1923.

Mai riƙe da ikon zan kira shi uban tuta, wanda ke ƙarƙashinsa kuma mai karɓar tuta. Uban tuta bai gama kwanta mini a kunne ba tukuna, saboda haka wanda yake da abin da ya fi shi ya turo kafin in miƙa rubutun ranar Litinin.