Bashin NELFUND don karatun Bayoloji, mi kunka gani?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu Bayoloji a Jami'ar Danfodiyo, likitanci yan nema bai samu ba, yanzu wai zai ci bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu. Ni tsorona ya gama babu aiki ga bashi bisa kai.

Malama Uwar Biyu: Ɗan'uwa bashin ga ba ya da ruwa, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya, kashi 10 cikin 100 na albashi. Matsalar albashin ce. Ni Bayoloji nik karanta, makarantar kuɗin da nake koyarwa ko dubu 70 ɗin da gwamnati ta yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba su ba mu, ga kuɗin keke kullum, wata bai kai rabi an fara rance.

Bagobiri: Kar ya sa rai da lab ɗin asibiti, sai mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da ma'aikatan lab ɗin asibiti. In yana so ya nemi canjin kwas tun da wuri, ko ya ƙara PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, daga baya.

Ɗan Mabera: Na gode Malama. Shi fa ya ce ba ya koyarwa ko da kuɗi, bari Baba ya dawo daga Illela mu zauna.