Bakin tekun Jidda da gaɓar koginmu: me za mu kwaikwaya?

Ɗan Bakin Kogi:
Assalamu alaikum. Bara na je Umara. Ranar da za mu dawo, direba ya bi da mu ta bakin Bahar Maliya a Jidda. Hanya ce doguwa ta masu tafiya a ƙasa, ga kujeru, ga itatuwan dabino, ga masallacin Rahma da aka kafa kan ginshiƙai a cikin ruwa. Sai dai da azahar muka isa, kujerar da na zauna kamar an ɗora ta a murhu, inuwar dabino kuwa ba ta rufe mutum. Direban ya ce sai bayan magariba magidanta ke fitowa da iyalansu.

Garinmu na gefen kogi, gaba da Wudil. Ƙungiyar matasa ta tara ɗan abin da ya samu don gyara gaɓar da mata ke wanki. Ni na ce a zuba siminti a jera bencina. Ya kuka gani?

Tsohon Birkila:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ku fara da siminti. Ina Legas lokacin da teku ke cin Bar Beach, ruwa na hawowa har kan titin Ahmadu Bello. Ba a samu sa'ida ba sai da aka jibge duwatsu da manyan tubalan kankare, katangar da ke tare sabon birnin Eko Atlantic yanzu. Kogi ma ta ƙasa yake ci. In madatsar ruwan Tiga ta cika ta yi ambaliya a watan Agusta, daɓenku zai rufta ya bar ku da ɓaraguzai. Ku fara ɗaga jinga, ku jera dutse a gindinta, ku dasa jema a jikinta, saiwarta na riƙe ƙasa.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, an tambayi masu wankin kuwa? Mu matakala muke so, mai faɗi, wadda ba ta santsi, da za a sauka da baho a kai. Ƙanwata ta taɓa zamewa a laka da goyo a bayanta, Allah ne ya tsare. Batun zama kuma, darbejiya biyar sun fi benci ashirin. A kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Masunci daga Auyo:
A bar mana wajen ɗaure kwalekwale. A kuma ware wa shanu mashayarsu can gefe, musamman ranar Juma'a da ake kora su kasuwar Wudil, in ba haka ba kofato zai farfasa matakalar.

Ɗan Bakin Kogi:
Na gode ƙwarai. Hajiya, gaskiya ba mu tambaye su ba, kuma kuskurenmu ne. Ranar Asabar za mu zauna da su a ƙofar gidan mai unguwa. Baba Birkila, dutsen nan a zube za a jera shi, ko sai an ɗaure shi cikin ragar waya?