Neman kalma kafin ƙarfe takwas: ƙawance, haɗaka ko gamayya?

Mai Rahoton Dare: Assalamu alaikum malamaina. Ina da sharhin minti biyar da zai fita ƙarfe takwas na daren yau kan zaɓen jihohi shida da aka yi jiya Asabar, 12 ga Agusta 2023, a Malesiya. Kalma ɗaya ta tsayar min da aiki, wato coalition. Da hawa ɗaya ne da na ce ƙawance na wuce abina, to hawa biyu ne. Pakatan Harapan ta Firaminista Anwar Ibrahim jam'iyyu ne a dunƙule, irin su PKR da DAP da Amanah. Barisan Nasional ma haka take, UMNO ce uwa a cikinta. Su biyun nan kuma suka haɗa kai suka raba mazaɓu a tsakaninsu, suka kara da Perikatan Nasional ta Muhyiddin Yassin, mai ɗauke da PAS da Bersatu da Gerakan. Na rubuta "ƙawancen ƙawance biyu", na karanta a fili, kunnena ya ƙi. A taimaka don Allah.

Ɗalibar Fassara: Wa alaikumus salam Anti. Gamayya ga na ciki, ƙawance ga na waje. Gamayyar Pakatan Harapan ta ƙulla ƙawance da gamayyar Barisan Nasional.

Ɗan Sa Ido: Ba maja ba ce kawai? Kowa ya san maja.

Tsohon Edita: Ɗana, maja daban take. A maja jam'iyyu narkewa suke yi su koma ɗaya, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka ajiye sunayensu a 2013 aka haifi APC. A Malesiya babu wadda ta narke, UMNO na nan da shugabanta, DAP na nan da nata. 'Yata, ƙawance tsohuwar kalma ce a bakin masu siyasa, da ita aka kira abin da ke tsakanin NEPU da NCNC tun kafin a haife ku. Sai dai na wajen nan da kike magana a kai ba kafin zaɓen ƙasa aka ƙulla shi ba. A zaɓen ƙasa na Nuwamban 2022 babu wanda ya kai kujeru 112 da ake buƙata cikin 222, sai Anwar ya jawo Barisan mai kujeru 30 da wasu aka kafa gwamnati. Irin wannan a ɗakin labarai haɗin gambiza muke ce masa.

Mai Rahoton Dare: Baba, gambiza ce nake tsoro. Duk wanda ya ji ta ya ji an ce haɗin bai dace ba. In na faɗe ta kamar na yanke hukunci ne tun kafin in kawo sakamako.

Tsohon Edita: To ai bai dace ɗin ba. UMNO ta shafe shekaru tana tsorata magoya bayanta da DAP, rana ɗaya ta ce su fito su zaɓi abokan DAP. Ki duba abin da ta kwasa jiya: ta tsaya a mazaɓu 108, ta ci 19.

Mai Rahoton Dare: Wannan adadin zan karanta shi yadda yake, Baba, mai sauraro ya yi nasa hukuncin. Amma kalmar da zan maimaita sau da yawa a minti biyar ina so ta zama wadda magoyin bayan kowane ɓangare zai ji bai ga an zage shi ba.

Malamin Nahawu: Duk kuna zagaye. Ƙawance daga ƙawa ne, zumunci ne na son rai, su kuwa waɗannan yarjejeniya ce ta ɗaure su. Gamayya ta yi faɗi, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai duk gamayya ake ce musu. Ni na daɗe ina koya wa ɗalibaina maɗauri. Daga ɗaure, a kan awon mabuɗi da makulli, jam'insa maɗaurai. Maɗaurin Pakatan, maɗaurin Perikatan, maɗaurai biyu sun haɗa kai. Hausa ce tsantsa, ba aro ba kwaskwarima, kuma duk Bahaushe ya san tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Ɗalibar Fassara: Allah ya gafarta Malam, wannan awon ai na sunan kayan aiki ne. Mabuɗi abin buɗewa ne, ba ƙofar ba. Ke nan maɗauri igiyar ce, ba jam'iyyun da aka ɗaure ba. Ta yaya za a ce maɗauri ya ci kujeru 146?

Malamin Nahawu: Igiyar ce mana, kuma ita ake zaɓa. Barisan Nasional rajista gare ta da tambarinta na sikeli. Mai jefa ƙuri'a sikelin yake gani a takarda ya sa alama, ba tutar UMNO ba. Abin da ya ɗaure su shi ne ya tsaya takara, don haka sunan ya zauna daram.

Ɗan Sa Ido: Malam, da an ce maɗauri tsintsiya za ta faɗo wa mutum a rai, da an ce tsintsiya kuwa an san jam'iyyar da za a tuna. Rahoton Malesiya zai koma gardamar wani wuri.

Malamin Nahawu: Karin maganar ta girmi jam'iyyar nesa ba kusa ba. Abin da ke ci min rai ke nan. Mutanen Malesiya a wannan zaɓe kaɗai kalmomi uku nasu na kansu suka fito da su, pakatan da perikatan da barisan. Masu Swahili na da muungano. Mu kuwa sai mu lanƙwasa ta Turanci mu ce maja, ko mu jira gidajen rediyon ƙetare su yanka mana mu haɗiye. Yaushe aka mayar da masana harshe 'yan kallo?

Bakin Iyaka: Malam ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu a Nijar maja ba ta cikin bakinmu sam, Turancinku ne. Lokacin da jam'iyyun AFC suka mara wa Mahamane Ousmane baya a 1993 ƙawance aka ce, wani lokaci a ce gungun jam'iyyu. In za a tsayar da kalma a riƙa tunawa ba ku kaɗai ke saurare ba. Amma maɗauri, gaskiya Malam, ban taɓa jin ta da wannan ma'ana ba.

Tsohon Edita: Malam, a yi mana adalci. Masu aiki a waɗannan gidajen rediyo Hausawa ne, da yawansu ɗaliban irinku ne. Kuma in tsantsa ake nema, jam'iyya da siyasa da ƙuri'a duk daga Larabci suka zo, ba wanda ya ce a kore su. Ku kuna da zangon karatu guda ku bayyana kalma a allo. Ita yarinyar nan sau ɗaya za ta faɗa, mai sauraro na tuƙi ko yana wani aiki, ba zai ce ta maimaita ba.

Malamin Nahawu: Da haka ne ba za a taɓa samun sabuwar kalma ba. Kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta.

Bakin Iyaka: Gungu fa? An share ta.

Ɗalibar Fassara: Yaya, gungu a kunnenmu ta fi zama da 'yan fashi da ɓarayi. Haɗaka fa, Anti? Ta fi gamayya nuna an zuba abu wuri ɗaya, tambari ɗaya, ɗan takara ɗaya a kowace mazaɓa.

Mai Rahoton Dare: Saura minti arba'in. Ga abin da na rubuta, a duba: "Haɗakar Perikatan Nasional ta riƙe jihohinta uku, Kedah da Kelantan da Terengganu, inda ta lashe duka kujeru 32 na Terengganu. Ƙawancen haɗakar Pakatan Harapan da ta Barisan Nasional shi ma ya riƙe Selangor da Penang da Negeri Sembilan. Sai dai a jimillar kujeru 245, Perikatan ta samu 146, ƙawancen gwamnati ya tashi da 99, kuma a Selangor kaɗai 'yan adawa sun kwashi 22 cikin 56." Haɗaka ga na ciki, ƙawance ga na waje.

Tsohon Edita: Ya karantu. Ni dai da gamayya zan sa, kuma in kin zo maganar gwamnatin tarayyarsu gambiza ce sunanta. Amma je ki, lokaci ya ƙure.

Bakin Iyaka: Ƙawance ta shiga, ba ni da ja. Haɗaka sai mun saba.

Malamin Nahawu: Na daren yau ne kawai, don ba na so in hana ki aiki. Ban yarda an tsayar da haɗaka ba. Zan rubuto hujjojin maɗauri a tsanake da misalan jimloli, kuma ina so wadda ta ce igiya ce ta fara ba ni amsa.

Ɗalibar Fassara: Ina jira, Malam.