Muhawara: Wa ke da alhaki idan jerin haƙoran dashe ya ƙi zama a baki?

Likitan haƙori, Kano: Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Na daɗe ina haɗiye wata magana, amma abin da ya faru a wannan makon ya sa dole in fito da ita. Akwai wani dattijo da ya rasa haƙoransa na ƙasa gaba ɗaya, na dasa masa ƙusoshin taitaniyam huɗu a muƙamuƙi bisa tsarin All-on-4 da likitan haƙori Paulo Maló ya fito da shi a Lisbon, biyu a gaba a miƙe, biyu a baya a karkace. Bayan ƙashi ya kama su, na aika awon bakinsa wani ɗakin haɗa haƙora, aka yi masa jeri guda na zirkoniya, wato wani farin tangaran mai tauri. Ranar sakawa na ɗaura sukuru ɗaya a ƙarshen dama kamar yadda aka saba gwadawa, sai ɓangaren hagu ya ɗaga, hoton eksire kuma ya nuna giɓi ƙarara tsakanin jerin da kan ƙusar baya. Duk wanda ya san aikin ya san ba a danne irin wannan da ƙarfi, domin haƙorin da Allah ya halitta yana da jijiyoyin da ke ba shi damar ɗan motsawa, ita kuwa ƙusa a manne take da ƙashi, saboda haka matsin ko dai ya kwance sukuru, ko ya tsaga zirkoniyar, ko ya cutar da ƙashin. Na sallami dattijon da haƙoran wucin gadi, idonsa cike da tambayar da ba ni da amsarta. Abin da nake cewa shi ne, mafi yawan manyan ayyukan da ke lalacewa a hannun yaranmu na ɗakin haɗawa suke lalacewa, domin ba su da tsarin duba aiki kafin ya fita daga hannunsu.

Mai haɗa haƙori, Kaduna: Wa alaikumus salam. Likita, ina jajanta wa dattijon, amma kafin a je ko'ina ina so ka faɗa mana su wane ne “yaranku”. Mu ba yaran kowa ba ne. Sana'armu tana da hukumarta ta rajista da doka ta kafa tun 1987, da yawa daga cikinmu a kwalejin tarayya ta Inugu muka yi karatu, kuma lasisin da ke rataye a bangon ɗakin aikina ba likita ba ne ya ba ni shi. A gidan Bahaushe, idan aka ce wane yaron wane ne, kowa ya san ana nufin wanda ake aike ne, kuma mutumin da kake yi wa kallon ɗan aike ba za ka taɓa sauraronsa ba idan ya ce maka awon da ka turo bai yi kyau ba.

Likitan haƙori, Sakkwato: Malam, ka yi haƙuri, amma ina ganin ka ɗauki abin da zafi fiye da kima. Idan aiki ya lalace, majiyyaci bai san sunanka ba, bai kuma san ƙofar ɗakin aikinka ba. Likita zai riƙe, kuma likita ne zai tsaya gaban hukumar likitoci idan aka kai ƙara. Wanda alhaki ke wuyansa shi ne babba a kan aikin, ko an so ko an ƙi, don haka ni ban ga zagi a cikin wannan kalma ba.

Mai haɗa haƙori, Kaduna: To ai ka yanke wa kanka hukunci, Likita. Idan ku ne manya ranar karɓar kuɗi da yabo, ku zama manya ranar da aiki ya ƙi zama. Ba zai yiwu a ce alhaki naku ne amma laifi namu ba.

Dattijo mai ritaya, Zariya: 'Ya'yana, ni na yi aiki da likitocin da suka haife ku a sana'a, kuma a cikinsu ban taɓa jin wanda ya kira ni yaronsa ba. Saukowa suke yi har ɗakin aiki, su zauna a kan benci kusa da ni, mu duba samfurin filasta tare, a wani lokaci ma su kira ni in ga bakin majiyyaci da idona kafin in jera haƙora a kan kakin zuma. Girmamawar nan ita ce ta tafi, kuma tun da ta tafi aka koma aiko da awo a leda a hannun mai babur, babu takarda, babu bayani, sai dai a rubuta launin haƙori a jikin ledar. Amma in faɗi gaskiya, matasanmu ma sun yi sake. Sun jingina da kwamfuta har hannunsu ya mutu, kuma da yawansu ba za su iya dafa haƙoran roba ba tare da sun fito da kumfa a ciki ba, alhali dalilin a bayyane yake: ruwan haɗin robar yana tafasa ne da ɗan ɗori a kan digiri 100, shi ya sa aka koya mana a riƙe tukunya a wajen digiri 74 na tsawon sa'o'i kafin a ƙara wuta.

Mai haɗa haƙori, Abuja: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina roƙon zaure ya ba ni dama in koma kan aikin dattijon nan, domin akwai tambayoyin da in an amsa su za a san inda kuskuren ya shiga. Likita, da ka ɗauki awo, ka ɗaure sandunan awon da ake sawa a kan ƙusoshin da juna kafin ka zuba kayan awo, ko kowace a sake take? Da aka zuba samfuri, an yi sandar tabbatarwa an aiko maka ka gwada a baki? Wannan sandar, wadda ake yi da filasta ko roba a kan samfurin, ita ce shaidar da ke raba gardama: idan ta zauna a samfuri ta kuma zauna a baki ba tare da ta ɗaga ko ta tsage ba, to samfurin daidai yake da baki, duk giɓin da ya bayyana daga baya namu ne. Idan kuwa ta zauna a samfuri ta ƙi zama a baki, tun daga awo aka ɓata, kuma tela komai ƙwarewarsa ba zai ɗinka riga daidai a kan awon da aka yi kuskure ba. Sannan an yi jerin gwaji na roba majiyyaci ya sa kafin a yanka zirkoniya? A nan ake duba cizo, da tsayin haƙora, da yadda leɓe ke zama, da ko buroshi da zaren sakace za su iya shiga ƙarƙashi. Ni a ɗakin aikina ba na sakin jeri sai na yi gwajin sukuru ɗaya a ɓangarorin biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na ɗauki hoto, na rubuta lambar faifan zirkoniya da tsarin gashin da aka bi, na haɗa da takardar da ke tafiya da aikin. Masana da yawa suna ɗaukar giɓin da bai wuce maikiron 150 ba a matsayin abin da za a iya lamunta, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na milimita, kuma ido tsirara ba abin dogaro ba ne a wannan ma'auni. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da aka rubuta, to babu wanda zai iya rantsuwa cewa laifin na wane ne.

Matashin mai zane a kwamfuta, Kano: Hajiya ta yi bayani mai kyau, amma ni maganar Baba ce ta tsaya mini a rai. Da girmamawa, Baba, hannunmu bai mutu ba, zamani ne ya canja. Filastar da kuke alfahari da ita tana kumbura idan tana bushewa, kayan awo suna sauya siffa a zafin Kano kafin mai babur ya iso, ƙarfen da kuke narkawa ku zuba kuma yana tsukewa idan ya huce, har sai an yanka shi an sake haɗawa. Mu yanzu da na'ura ake ɗaukar hoton baki, a zana a kwamfuta, inji ya yanka. Ban ga dalilin da zai sa a riƙa yi mana gorin tukunya ba.

Dattijo mai ritaya, Zariya: Ɗana, ba gori nake yi ba. Amma tun da ka kawo na'ura, faɗa wa zaure gaskiyarta. Na'urar ɗaukar hoton baki ƙananan hotuna take ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a bakin da babu haƙori ko ɗaya, inda dasashi ne kawai sumul babu alamar da za ta kama, kuskuren yana taruwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba don haka ba ne aka ƙirƙiro na'urori na musamman masu auna matsayin ƙusoshi kawai, irin su PIC da iCam4D? Mutum nawa ne a cikinku suke da su? Sannan zirkoniyar nan da girma ake yanka ta, domin tana tsukewa da wajen kashi 20 cikin ɗari a tanderu mai zafin kusan digiri 1,500, kuma kowane faifai da lambar tsukewarsa a rubuce. Idan aka shigar da lambar wani faifan, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi kafin janareta ya tashi, me kwamfutarka za ta yi?

Matashin mai zane a kwamfuta, Kano: Baba, duk mai tanderu na gaskiya yana da batir da inbata, kuma wannan matsalar wutar ƙasa ce, ba ta kwamfuta ba. Ku ma a zamaninku ai ba kowane aiki ne yake zama ba, sai dai babu wayar da za a ɗauki hotonsa a yaɗa.

Likitar haƙori, Maraɗi: Ni dai wannan rigimar ce ta sa na daina wahalar da kaina. Manyan ayyukana waje nake turawa, wani lokaci Turkiyya, wani lokaci Sin, wurin waɗanda ke da takardar shaidar ISO 13485, kuma hankalina a kwance yake.

Mai haɗa haƙori, Kaduna: Hajiya Likita, takardar da kika ambata shaida ce cewa wuri yana da tsarin rubuta matakan aikinsa da bin sawun kayan da ya yi amfani da su, ba alkawari ba ne cewa jerin da aka yi a kan karkataccen awo zai zauna. Kuma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: na waje kuna biyansa da dala tun kafin ya fara, ku jira shi makonni ba ku ce uffan ba, mu kuwa sai a ce ana so jibi, a rage kuɗi, a kuma biya bayan majiyyaci ya biya. Idan na ce a yi sandar tabbatarwa da jerin gwaji, amsar da nake samu ita ce majiyyaci daga nesa yake, ba zai iya dawowa ba. Haka ake yi wa wanda aka ɗauka yaro.

Likitar haƙori, Maraɗi: Malam, ban ce da kai yaro ba, kada ka ɗora mini maganar wani. Kuma inda zan kai kuɗina ba sai na nemi izinin kowa ba.

Likitan haƙori, Sakkwato: Ina goyon bayan Hajiya Likita. An mayar da zauren nan wurin ƙorafin farashi, kuma duk lokacin da likita ya buɗe baki sai a taru a kansa.

Likitan haƙori, Kano: Na karanta duk abin da aka rubuta. Kalmar da na yi amfani da ita haka muke faɗa a asibiti, har ƙananan likitocin da ke ƙarƙashina haka nake kiransu, kuma ba zan janye ta ba don wani ya fassara ta yadda ya ga dama. Na zo da maganar dattijon da ke cin abinci da ƙyar, an bar shi an kama kalma. Na san aikina, na san yadda ake ɗaukar awo, na kuma san sukurun irin wannan jeri a tsarin kamfanin Nobel Biocare mai ƙera ƙusoshin dashe da ƙarfin niyuton-santimita 15 ake ɗaura shi, ba wanda zai koya mini. Har yanzu ina kan bakana.

Mai haɗa haƙori, Abuja: Likita, ban yi shakkar iliminka ba. Tambayata ɗaya ce har yanzu: an gwada sandar tabbatarwa a bakin dattijon kafin a yanka zirkoniya?

Mai haɗa haƙori, Kaduna: Hajiya, kada ki wahalar da kanki, wanda bai ga laifi a kiranmu yara ba ba zai amsa tambayar ɗaya daga cikinmu ba.

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, kuma ya kamata a tsaya haka. A matsayina na wanda ya yi shekaru a bencin haɗa haƙora kafin a ɗora mini wannan nauyi, ga abin da na fahimta. Zaure ya nuna a fili cewa kalmar “yaranmu” ba ta dace ba, kuma daga yau duk wanda ya yi amfani da ita a kan abokan aiki za a goge saƙonsa. Ya kuma tabbata daga bayanan da aka kawo cewa yawancin matsalolin irin wannan aiki daga awo suke farawa, tare da gaggawar da ake sa masu haɗawa da ƙarancin abin da ake biyansu, don haka zargin da aka buɗe muhawarar da shi bai tsaya ba. Saɓanin da ke tsakanin Baba da ɗanmu mai kwamfuta na cikin gida ne, za mu sasanta shi a tsakaninmu. Masu tura aiki waje kuma muna roƙonsu su tuna cewa akwai ƙwararru a gida. Muna yi wa dattijon addu'ar samun sauƙi, kuma an rufe rubutu a kan wannan batu zuwa bayan sallar Juma'a.