Mama na son ta bar ƙwaya ta koma akufancha

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Shekara biyu ke nan da likita ya ce tana da ciwon gaɓoɓi irin wanda ake kira rumatoyid. Da safe yatsunta sandarewa suke yi, sai ta kai awa guda kafin ta iya murɗa makulli, maɓallin riga kuwa ni nake saka mata. Tana shan ƙwayar maganin da ake kira metotirekset sau ɗaya a mako, amma duk ranar da ta sha sai tashin zuciya. Yanzu wata ƙawarta ta ba ta labarin akufancha, siraran alluran nan na mutanen Sin da ake soka wa mutum, ta kafe sai ta ajiye ƙwayar. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ni na yi, a gwiwa da wuyan hannu. Allurar kamar gashi take, da ƙyar za ki ji shigarta, sai ɗan nauyi a wurin. Akan bar su a jiki kamar minti 20 zuwa 30. Nakan samu sauƙin kwana biyu ko uku in yi barci mai daɗi. Amma kumburin yana nan inda yake, gaskiya.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, don Allah ki riƙe Mama kada ta bar ƙwayar nan. Rumatoyid ba sanyin ƙashin tsufa ba ne. Garkuwar jiki ce take juyowa tana yaƙar fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki, kumburin ya yi ta cin guringuntsi da ƙashi a hankali. Abin da ya cinye ba ya dawowa, shi ya sa kike ganin masu yatsu a karkace. Metotirekset shi ke taka wa wannan ɓarnar birki. Allurar akufancha kuwa, iyakarta ta rage zafi, kuma nan ne haɗarin: mutum ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, alhali gaɓar tana lalacewa a ɓoye.

Ko a kan zafin ma hujjar ba ta da ƙarfi. A 2005 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta duba binciken da aka yi, gwaji biyu kacal ta samu masu ɗan inganci, mutum 84 gaba ɗaya. A 2022 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ce ana iya haɗa akufancha da magani, amma abin da ta fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki a kai a kai.

Tashin zuciyar kuma akwai mafita. An haɗa mata da folik asid, bitamin ɗin da ke rage illar maganin? Wasu marasa lafiyar, likita kan mayar da su kan allurar metotirekset ɗin maimakon ƙwaya, ko ya canja musu wani dabam.

Wani ɗan uwa:
In za a je, ki tsaya a buɗe sababbin allurai daga leda a gabanki. Allurar da aka maimaita tana iya ɗauko ciwon hanta. Mama kuma garkuwarta a sauke take saboda maganin, ƙwayar cuta ba ta da wuyar kama ta. Kada a soka a gaɓar da ta yi ja da zafi. In tana shan maganin tsinka jini kamar wafarin, ku faɗa tun kafin a fara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, folik asid ɗin an rubuta mata, ashe ta daina sha tun da daɗewa, wai ƙarin jini ne kawai. Yanzu na ciro katin daga jakarta. Ranar Litinin za mu koma wurin likita in sha Allahu, maganar akufanchar ma a gabansa za a yi ta.